Bakin Risha Shi Ne Harshen Molo

Samarinmu na Wad Madani da Mai Wurno sun ɗauki wata al'ada wadda ba ta gamshe ni ba. Da zarar yaro ya ji muryar udunsa ta dushe, sai ya ce itacen ya mutu, ya sayar da shi da araha, ya ci bashi ya sayo sabo. Sau da yawa kuwa laifin na 'yar rishar da ke tsakanin yatsunsa ne.

Risha da Larabci gashin tsuntsu ke nan. Masu tarihi sun ce Ziryabu, mawaƙin Bagadaza da ya sauka Kurɗuba a shekarar 822, shi ya bar kaɗa udu da tsinken itace ya koma ga gashin gaggafa. Yanzu da roba a ke yin ta, ko da ƙahon sa. Kakanninmu kuwa da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da busasshiyar fata mai tauri su ke kaɗa garaya. Aikin duka ɗaya ne.

Ga abin da kawuna, mai garaya, ya koya mini. In bakin ya yi siriri da kaifi, tsirkiya ta kan kuɓuce masa farat ɗaya, sai amo ya fito tas, ya yi nisa, irin wanda a ke so a filin biki. In kuwa an daddaɗe bakin ya yi kumbo, tsirkiya ta kan zame a hankali, sai muryar ta yi kauri da taushi, ta dace da hirar zaure bayan lisha. Baki mai kaushi shi ne mugu, gama yana ƙarce, yana kuma cin tsirkiya har ta tsinke.

Ni da magagari na ke fara gyaran tawa, in bi da samfefa mai laushi, sa'an nan in goge a jikin fata har yatsa ya daina jin gargada. Na kan karkata gefen ta wajen da hannuna ya saba sauka. In ta ƙaho ce, sai ta kwana cikin mai don kada ta tsage. Goga uku, in kaɗa in saurara, domin abin da magagari ya ci ba ya komowa.

Garayar kawuna tana rataye a ɗakina. An sha taya ta, na ƙi. Da na yanka mata sabuwar fata na gyara bakin, wata tsohuwa a maƙwabtanmu ta aiko tambaya ko wane ne ya zo daga gida.

To, samari, kafin ku kai kayan iyayenku kasuwa, ku nemi dattijon da ya san wannan aiki tun yana da rai, ku zauna gabansa ku koya. Allah ya sa mu dace, amin.