Sunan da Ke Kan Ƙofar Makarantarmu

Shekara shida na yi ina shiga ina fita ta ƙarƙashin wani allo mai ɗauke da sunan Kizito, ban taɓa tambayar ko wane ne shi ba. Makarantar firamare ce ta 'yan mishan, ita ce mafi kusa da zangonmu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai yarda ya sa ni ba sai da hedimasta ya ɗauki alkawarin cewa ba za a hana ni komawa makarantar allo da yamma ba. Mu yaran zango duk a zatonmu Kizito wani Bature ne mai gemu da ya gina azuzuwan.

Sai da furfura ta fara leƙo ni, aiki ya kai ni Kampala, babban birnin Uganda. Wani abokin aikina Kirista ya ɗauke ni zuwa Namugongo da ke gefen birnin. A can na ji cewa Kizito baƙar fata ne kamata, yaro ɗan kimanin shekara 14, mai hidima a fadar Kabaka Mwanga na Biyu, sarkin Buganda.

Mwanga ya hau gadon sarauta a 1884 yana saurayi. Ya ga Turawa na zagaye ƙasarsa, ya kuma ga yaran fadarsa sun karɓi addinin da suke fifitawa a kan umarninsa, har suna ƙin biya masa buƙatar da imaninsu ya haramta. A watan Nuwamba 1885 ya sa aka sare kan bafadensa Joseph Mukasa Balikuddembe, wanda ya yi masa faɗa kan kisan Bishop James Hannington. A watan Mayu 1886 ya tara yaran, ya ce masu bin sabon addinin su ware gefe. Suka ware, Charles Lwanga na gabansu. Ranar 3 ga Yuni aka naɗe su cikin asabari, aka cinna musu wuta a Namugongo. Tsakanin 1885 da 1887 an kashe 'yan Katolika 22 da 'yan Angilika 23. Tsoron da sarkin ke yi wa Turawa ba na banza ba ne, domin a 1894 Ingila ta mallake ƙasar, shi kuma ya rasu a tsibiran Seychelles a 1903, inda aka kai shi gudun hijira. Sai dai yaran da ya ƙona ba su suka kawo bindiga ba.

A 1964 Paparoma Paul na Shida ya sanya 'yan Katolikan nan cikin jerin waliyyai. Yau a wurin akwai katafaren coci mai siffar bukka, tsaye a kan ginshiƙan tagulla 22. Kowace ranar 3 ga Yuni hutu ne a Uganda, masu ziyara kuwa har da waɗanda ke takowa a ƙafa daga Kenya da Tanzaniya. A Nkozi an buɗe jami'a da sunan shahidan a 1993.

Ina cikin kallo a matsayin baƙo, sai abokina ya kai ni wani masallaci a nan Namugongo ɗin. Ashe kimanin shekara goma kafin kisan Kiristocin, Kabaka Mutesa na Ɗaya, mahaifin Mwanga, ya hallaka samari Musulmi na fadarsa da suka ƙi cin naman da ba a yanka bisa shari'a ba, suka kuma ƙi bin sa salla domin ba shi da kaciya. Jikina ya yi sanyi. Fada ɗaya, ƙasa ɗaya, laifi ɗaya: yaro ya dubi sarki ya ce akwai wanda ya fi shi.

Ban canja aƙidata ba, abokina ma bai nemi haka ba. Amma na ji kunyar shekarun da na yi ina wuce sunan nan kamar tambarin sabulu.

Da na dawo gida na bi ta gaban tsohuwar makarantarmu, allon na nan an sake masa fenti. Na tambayi ɗan ƙanena da ke aji biyar ko wane ne Kizito.

Ya ce, "Baffa, ai sunan makarantarmu ne."

Na ce ya ajiye jakarsa ya zauna, labarin wani yaro ne da bai girme shi da yawa ba.