Albashin Zaman Jira

Mu da muka tashi a gidajen ma'aikata, hali biyu kawai muka san mutum yana shiga game da aikinsa: ko dai yana kai, ko kuma an sallame shi. Idan kasuwa ta yi wa kamfani nauyi, sai a manna takarda a bakin ƙofa, kowa ya leƙa ya ga ko sunansa ya fito. Gwamnati kuwa a saninmu nata ma'aikatan take biya, su ɗin ma da ƙyar. Saboda haka da muka fara jin cewa akwai ƙasashen da hukuma ke ɗaukar wani kaso na albashin ma'aikacin kamfanin da ba nata ba, don kawai kada a kore shi, sai muka ɗauke shi irin labaran da matafiya kan dawo da su.

Ashe kuwa tsohon tsari ne. Jamusawa sun san shi tun shekarun 1920, kuma sunan da suka ba shi ma'anarsa ita ce "gajeren aiki". Idan ciniki ya ja baya, mai kamfani ba zai kori rabin mutanensa ba, sai ya rage wa kowa awoyin aiki, ya biya su na abin da suka yi. Giɓin da aka samu a albashi kuma hukumar ƙwadago ta ƙasa ta cike kashi 60 cikin 100, ko kashi 67 ga mai 'ya'ya. Mai kamfanin ne zai fara biya daga aljihunsa, daga baya hukuma ta mayar masa. Kuɗin kuma ba daga sama suke faɗowa ba, daga asusun inshorar rashin aiki suke fitowa, wanda ma'aikaci da maigidansa suke zuba wa wani abu duk wata tun ana zaman lafiya.

A shekarar 2009 tattalin arzikin Jamus ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100, amma yawan marasa aiki bai wani tashi ba, domin mutum sama da miliyan 1 sun fake a wannan inuwa. Da annobar korona ta zo, a watan Afrilu na 2020 adadin ya kai wajen miliyan 6. Ingila, wadda ba ta da irin wannan al'ada, sai da ta ƙirƙiro nata cikin gaggawa a watan Maris na 2020: kashi 80 cikin 100 na albashi, iyakarsa fam 2,500 a wata, aka yi ta biya har ƙarshen Satumba na 2021.

Mai karatu zai iya tambaya, a kan me za a biya mutum yana zaune? Mu dai amsar da ta fi gamsar da mu a Kakuri muka gan ta, can Kaduna. Masaƙar farko ta buɗe a wurin a 1957, ta rufe a 2002, babbar cikinsu kuma ta tsaya a 2007. Mutumin da ya shekara 20 a gaban injin saƙa yakan gane zare zai tsinke tun daga sauyin ƙarar injin. Wannan sani ba a rubuce yake ba, a kunnensa da yatsunsa yake. Ranar da aka sallame shi zai jira wata ɗaya, ya jira biyu, sannan ya sayar da rediyo da katifa, ya karɓi babur haya ya shiga acaɓa, ko ya kwashi iyali ya koma gona. In an buɗe masaƙar bayan shekara uku, injin yana nan, amma wa zai tsaya a gabansa? Abin da gwamnatin Jamus ke saye da kuɗinta shi ne wannan igiya da ke tsakanin mutum da wurin aikinsa, domin in ta tsinke ƙulla ta ya fi riƙe ta tsada.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Irin wannan tallafi laima ce ta ruwan da zai ɗauke. Ciwon Kakuri kuwa na dindindin ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Da an yi ta biyan albashi shekara da shekaru ba a taɓa waɗannan ba, da asara ce a kan asara.

Mu ma mun ɗanɗana namu. A 2020 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 don ceto ƙananan masana'antu, a ƙarƙashin shirin farfaɗo da tattalin arziki da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya jagoranta. Wani sashe na kuɗin na biyan albashi ne: naira 30,000 zuwa 50,000 a wata, har wata uku, ga ma'aikata da ba su wuce 10 ba a kowane wuri. Makarantun kuɗi aka fara buɗe wa ƙofa, kuma an yi daidai, domin malamansu sun fi kowa jin jiki. Iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba, masu makaranta ba su biya malamai ba. Duk wanda ya ga malamin lissafi yana tallan ƙwai a wancan lokaci ba zai raina naira 30,000 ba. Amma an rufe makarantu a watan Maris, rajistar tallafin kuwa sai a watan Satumba aka buɗe ta. Wata shida ya ishi mutum ya nemi wata hanyar cin abinci, kuma da yawa sun nema.

Inda abin ya fi tsaya mana a rai shi ne sharuɗɗan. Sai wurin aiki yana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai yana da jerin sunayen ma'aikata da abin da ake biyansu, sai kowane ma'aikaci yana da asusun banki da lambar BVN. Ba mu ga laifin gwamnati a nan ba, domin in babu shaida, kafin gari ya waye kowane zaure ya zama kamfani mai ma'aikata goma. To amma jama'a, mu dubi waɗanda ke aiki a garuruwanmu mana. Yaron shago a Kantin Kwari, mai kwaɓa fulawa a gidan burodi, yaran tela, masu naɗe takarda a maɗaba'a, mai ɗaura kaya a tasha, wa ya taɓa rubuta sunansu? Abin da maigida ke miƙa musu da yamma "sallama" ake kiransa, kalmar nan dai da ake amfani da ita ranar kora. An dai ware wa masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 sau ɗaya, amma wannan taimako ne na fita kunya, bai riƙe kowa a wurin aikinsa ba.

Jamus ta shiga 2020 da ajiyar kusan yuro biliyan 26 a asusun hukumar ƙwadago, da littafin da ya san kowane ma'aikaci da albashinsa na watan jiya. Ajiyar ta ƙare a cikin annobar, sai gwamnati ta ɗora daga baitulmali, amma ba wanda aka tsaya tambaya ko da gaske yana aiki. Mu kuwa ranar tafiya muka zauna fafe gora.

Wanda ya riƙe ma'aikatanmu a watannin kulle, a yawancin wuraren da muka sani, maigida ne. Shago a rufe, amma yana aika wa yaransa kwanon shinkafa da ɗan abin cefane, yana rage wa kowa don ya ishi kowa, ba tare da ya taɓa jin labarin Jamus ba. Wasu sun jure har aka buɗe kasuwa. Wasu kuma jarin ne ya tafi a haka, suka fito kulle su da yaransu duk suna neman wanda zai ɗauke su aiki, kuma babu wata hukuma da ta mayar musu da ko kwabo.