Badun: Otel A Kan Dutse, Sabo A Gindinsa

Matafiyin da ya nufo Badun daga Arewa ta hanyar Ilori da Ogbomosho da Oyo, in ya wuce Moniya da Ojoo, ya bar ƙofar Jami'ar Badun a baya, ya ratsa cunkoson Sango, to, ba zai daɗe ba sai ga shi a mahaɗar Mokola, inda aka ɗora gadar sama a cikin 2013. A nan ne tambayar da ke damun kowane baƙo takan taso, watau ina za a sa haƙarƙari yau? Abin mamaki, amsoshi biyu da garin ya tanada tun da daɗewa suna nan kusa da juna. Ta gefe guda akwai dutsen Mokola, wanda aka gina Premier Hotel a ƙwanƙolinsa. Ta ɗaya gefen kuwa, a ƙasa, ga unguwar Sabo, mazaunin Hausawa. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, amma hanyar da kowannensu ya bi wajen saukar baƙo ta sha bamban ƙwarai.

Sabo ce ta riga. A cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Badun daga Ikko a 1901, ta kuma kai Kano a 1911. Kafin nan fatake a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarabawa. Abin da ya kafa unguwar kuwa ciniki biyu ne: shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa. Dukkansu kaya ne da ba su jira. Saniyar da ta shigo ƙasar tsando ba ta jimawa sai ta fara ramewa, huhun goro kuma in ba a kula da ganyensa ba, a 'yan kwanaki sai asara. Saboda haka falke ba wurin kwana kaɗai yake bukata ba, yana bukatar wanda ya san gari, ya san mahauta, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa.

Wannan mutum shi ne fatoma, ko kuma maigida kamar yadda ake kiransa a Sabo. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya bayyana yadda sha'anin yake gudana a wancan zamani. Maigida yana da gidaje, wani na iyalinsa, wani na baƙi. Falke ya sauka, a ba shi ɗaki da tabarma, tuwo ya fito daga cikin gida, ba a ce masa ya kawo ko anini na kwana. Yaran maigida su kai shanu kara, dillalansa su nemo masu saye. Yawancin mahauta bashi suke ɗauka, maigida ne ke tsayawa a tsakani, in mahauci ya gudu da kuɗi shi ne zai biya. A gidansa ake ajiye kuɗin baƙo har ranar komawa. Ribarsa tana cikin la'ada, ba cikin kuɗin ɗaki ba. Watau dai baƙon yana biya, sai dai ba a rubuta masa a takarda, kuma abin da ya saya da la'adar nan ya fi katifa nesa ba kusa ba: ya sayi amana a garin da ba ya jin harshensa.

Shekara hamsin bayan kafa Sabo, a cikin 1966, aka buɗe Premier Hotel. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta gina shi ta hannun hukumarta ta raya ƙasa, a daidai lokacin da kuɗin koko ke tayar da manyan gine-gine a garin, irin su Cocoa House na Dugbe da aka gama a 1965. Shekarar buɗe shi ba ta zo da daɗi ba, domin a watan Janairunta ne sojoji suka kashe Firimiya Samuel Ladoke Akintola a nan Badun, a daren da aka kashe Sardaunan Sakkwato a Kaduna. Da aka raba Jihar Yamma zuwa Oyo da Ogun da Ondo a 1976, sai otel ɗin ya koma hannun kamfanin Odu'a, wanda aka kafa don riƙe dukiyar jihohin a haɗe. Shekaru da dama shi ne masaukin manyan baƙin gwamnati da na jami'a, da ɗakunan taro da tafkin wanka da wurin cin abinci. Daga tagoginsa mutum kan hango lambun Agodi a ƙasa, da hasumiyar Bower ta 1936 a kan dutsen Oke Are, da rufin kwano mai tsatsa ya malale har iyakar gani. Tsufa ya kama shi kamar yadda ya kama takwarorinsa na gwamnati, Hamdala da Durbar a Kaduna, har kamfanin ya rufe shi a 'yan shekarun baya domin yi masa babban gyara. Amma tsarin da irinsa suka shigo da shi ya bazu, yanzu otel-otel manya da ƙanana sun cika Bodija da Jericho da Ring Road da Iyaganku.

To, wannan tsari shi ne ya kamata baƙo ya fahimta, domin jahiltarsa tana cin aljihu. A otel ba wanda zai tambayi mutum ɗan gidan wane ne. Da shigarsa sai kanta, inda ma'aikacin karɓar baƙi zai miƙo masa takarda ya rubuta sunansa da inda ya fito da lambar wayarsa, sau da yawa a nemi katin shaida. A mafi yawan otel ɗin ƙasar nan kafin a ba da mabuɗi ake biya, wasu ma har su ɗora kuɗin ajiya a kai, saboda abin da mutum zai ci ko ya fasa, a mayar masa da saura ran tafiya. Wanda bai karɓi rasit na wannan ajiya ba, shi ya so.

Ɗakuna hawa-hawa ne. Akwai na mutum ɗaya, akwai mai babban gado na mutum biyu, akwai mai ƙananan gadaje biyu wanda ya dace da abokan tafiya, sa'an nan akwai ciki da falo, inda mai kuɗi ko babban ma'aikaci zai iya ganawa da mutane ba tare da sun shiga makwancinsa ba. Sunayen Turanci masu daɗin ji da ake laƙaba wa ɗakunan nan ba su da wata ma'ana tsayayya. Abin da wannan otel ya kira ɗakin alfarma, a wancan shi ne na talaka. Haka nan taurarin da ake zanawa a jikin allo. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ke tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Ikko cewa rajista da tantance darajar otel aikin jihohi ne, saboda haka babu ma'auni guda da ya game ƙasa. Ido shi ne alƙali. Babu laifi ko kaɗan mutum ya ce a nuna masa ɗakin kafin ya biya, ya murɗa famfo ya ga ko ruwa na zuwa, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya duba sakatar ƙofa, ya ɗaga zanen gado. Ma'aikacin da ya ɓata rai don an nemi haka, ya riga ya faɗi halin gidan.

Batun kuɗi kuwa, a nan ne aka fi yin sa-in-sa a bakin kanta. Farashin da aka rubuta a allo sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Manyan otel sukan ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima, ga kuma harajin kayayyaki na VAT wanda ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5, ya koma kashi 7.5 a 2020. Wasu jihohin suna da nasu harajin daban, Ikko ta kafa na kashi 5 a 2009. A ɗauka, alal misali, an ce ɗaki naira 40,000 ne. In aka ƙara 4,000 na hidima da 3,000 na haraji, ya zama 47,000 ke nan kafin mutum ya sha ko ruwan shayi. Tambaya ɗaya tana kashe wannan rigima tun ba ta taso ba: da haraji a ciki, ko babu? Ta biyu kuma: da karin kumallo, ko babu?

Sa'an nan kwanan otel ba kwanan agogo ba ne. Galibi ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki. Direban da ya iso ƙarfe 3 na dare ya faɗi kan gado, ya farka ƙarfe 2 na rana, zai iya tarar an rubuta masa rabin kwana ko ma cikakke a kai, alhali bai yi sa'a goma sha biyu a ciki ba. Wannan ƙa'ida ba zalunci ba ce, don sai an share ɗakin an sake shimfiɗa kafin wani ya shiga, amma mai fatoma bai taɓa jin irinta ba.

Masu otel su ma suna da nasu kukan, kuma gaskiya ne. Kowane otel a Nijeriya kusan ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta: shi zai haƙa rijiyar burtsatse, shi zai sayi janareto ya zuba masa man gas, shi zai ɗauki masu gadi. A watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A, duk kuwa a kan baƙo abin yake ƙarewa. Shi ya sa ƙananan masaukai kan ƙayyade sa'o'in da za su tayar da inji, misali daga magariba zuwa wayewar gari. Wanda zai wuni a ɗaki a watan Maris, lokacin da zafin Badun ke haɗuwa da gumi, ya tambayi wannan tun a ƙofa.

Lokaci ma yana taɓa farashi. A tsakiyar watan Nuwamba, sa'ad da Jami'ar Badun, wadda aka kafa a 1948, take bikin yaye ɗalibai da tunawa da ranar kafuwarta, ɗakunan wajen Bodija da Agbowo sukan yi wuya. Haka kuma ƙarshen shekara. Ranar Asabar kuwa ta bukukuwa ce, Yarabawa kuma ba su yi wa biki da wasa. Otel mai babban zaure yakan ba da shi haya, makaɗa su kwana suna abu ɗaya. Mai son barci ya roƙi ɗakin da ya yi nisa da zauren.

Hidimomin da ke biye da ɗaki, kamar wanki da guga, da kawo abinci har ɗaki, da mota zuwa tasha, kusan duk da kuɗinsu daban. Ruwan kwalba da lemon da aka jera a cikin firiji ba kyauta ba ne, sai in an faɗa. Kuɗi masu yawa da takardu a kai su ma'ajiyar otel a karɓi shaida, domin yawancinsu sun manna sanarwa cewa ba ruwansu da abin da ya ɓace a ɗaki. Baƙo Musulmi kuma ba zai sha wuya a Badun ba, gari ne mai ɗimbin Musulmi, da wuya a rasa ma'aikacin da zai nuna alƙibla, wadda daga nan take gabas a ɗan karkata arewa. Sai dai a riƙe buta da darduma a jaka, don ba kowane wuri ne ya tanada ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana hana mutanen Arewa shiga irin waɗannan wurare, shi ne sunan kansa. A garuruwa da yawa, in an ce wane yana otel, abin da kunne ke ji shi ne gidan giya da mata masu zaman kansu, domin haka kalmar ta fara shiga bakin jama'a daga Sabon Gari. Wannan zato ya sa dattijo da kuɗinsa a aljihu ya gwammace ya kwana a kan benci a tasha, ko ya takura wa wani ɗan garinsu mai ɗaki ɗaya da iyali. Lalle akwai wuraren da suka cancanci wannan suna, ana kuwa gane su tun daga ƙofa, da kiɗa da kwalabe da farashin sa'a-sa'a. Amma mai jinyar da ya kawo ɗan'uwansa babban asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ko uban da ya rako 'yarsa jarrabawa, ba abin kunya ya yi ba don ya kama ɗaki mai tsabta ya kulle ƙofarsa.

Ita ma Sabo ba ta zauna yadda Cohen ya bar ta ba. Cinikin shanu ya tashi daga tsakiyar gari ya koma wajen Akinyele, tirela ta karɓe aikin jirgin ƙasa, banki da wayar hannu sun rage bukatar a damƙa wa maigida jakar kuɗi. An fi sanin unguwar yanzu da 'yan canji da masu tsire. Duk da haka baƙon da ya sauka ba shi da kowa, in ya nufi masallaci ya yi sallama, da wuya ya kwana a titi. Darajar wannan ta fito fili a watan Fabrairu na 2021, lokacin da rikici ya tashi a kasuwar Shasha aka ƙona shaguna da gidaje, inda fadar Sarkin Shasha da unguwannin Hausawa suka zama mafakar waɗanda suka rasa matsuguni, ba a tambayi kowa kuɗin ajiya ba.

A cikin wannan shekara ta 2021 aka buɗe sabuwar hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, tasharta kuwa tana Moniya, can bakin gari ta arewa, nesa da tsohuwar tashar Dugbe. Wanda ya sauka a jirgin yamma yana da sauran tafiya a gabansa kafin ya kai Mokola, ga cunkoson Ojoo, don haka gara ya buga waya ya kama ɗaki tun yana hanya, ya kuma tambayi ƙarfe nawa suke rufe ƙofar waje.