Bagega: Ƙasar Zinariya Da Dalma

Bagega gari ne a ƙasar Anka, cikin Jihar Zamfara. In mutum ya tashi daga Gusau sai ya bi hanyar Sakkwato har Mayanci, sa'an nan ya ratse hagu zuwa Anka, inda Sarkin Zamfara yake zaune. Mun bi wannan hanya da bazarar 2013, mu uku, malamai biyu da wani ɗan'uwa ma'aikacin asibiti. A lokacin, daga Anka babu sauran kwalta, sai turɓaya da kwazazzabai. Mutanen wurin manoma ne, gero da dawa da wake su ne abincinsu, suna kuma kiwo. Amma Allah ya ajiye zinariya cikin duwatsun ƙasarsu, kuma a wasu wuraren zinariyar nan tana kwance tare da dalma cikin dutse guda.

Tun ba mu shiga gari ba muka fara jin rurin injuna. Muka tsaya a wurin aikin da ke bayan gari, muka yi sallama, aka amsa mana da fara'a. Ga yadda aikin yake. Samari su shiga rami mai zurfi, su saro dutse, a ɗura a buhu, a ɗauko a kan babur. Wasu su farfasa shi da guduma ƙanana ƙanana. Sai a zuba a injin niƙa, irin wanda matanmu suke kai masara, ya fito gari lilis. A wanke garin da ruwa, a zuba masa zaiba, a cuɗa da hannu har zaibar ta kama zinariyar. Daga nan a ɗora a wuta, zaiba ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage. Hayaƙin zaibar nan guba ne, amma babban mugun abu a Bagega shi ne ƙurar injin. Mun ga masu niƙa sun yi fari fat har gira, wani ya ɗaure hanci da ƙyalle, wani ko ƙyallen babu.

Kafin 2010 aikin nan har cikin gidaje ake yinsa. Kuɗin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, kowa ya ga abin samu. Maigida ya kawo dutse gida, mata su daka a turmi, a shanya gari a tsakar gida, a tsakar gidan nan kuwa jariri yake rarrafe yana kai hannu baki. Agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyuka, ba wanda ya kula. Daga baya yara suka shiga amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai mutuwa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce sanƙarau ne, amma ba sauƙi.

Cikin watan Maris na 2010, likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF, masu zagayen neman cutar sanƙarau, suka ji labarin yawan sababbin kaburburan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum. Suka lura da abu ɗaya: ƙauyukan da ake mutuwa su ne ƙauyukan da ake niƙa dutse. Suka ɗebi jinin yara suka aika Turai a auna, aka tarar dalma ta yi yawa ƙwarai. Cikin watan Mayu masu bincike daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, suka zo suka haɗu da ma'aikatan lafiya na ƙasarmu da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka bi Dareta da 'Yargalma gida gida. Kowane gida sai su tambaya: yara nawa ne, nawa suka rasu, wane aiki ake yi a gidan, ina ake ajiye dutse? Su ɗibi jini, su kuma auna ƙasar tsakar gida da wata 'yar na'ura da ake ɗora wa ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki.

Abin da suka samu ya girgiza kowa. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu ke nan. Likitoci suna fara ba da maganin fitar da dalma in awon jini ya kai 45. Cikin yaran da aka auna, 97 bisa ɗari sun kai hakan ko sun wuce, har na'urar awon, wadda iyakarta 65 ce, ta kasa ƙirga na yara da yawa. Gida biyu cikin uku ana aikin dutse a cikinsu. Duka-duka, yaran da gubar nan ta kashe a Zamfara sun kai 400.

Ɗan'uwanmu na asibiti ya bayyana mana dalilin da ya sa yara suka fi shan wuya. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu ko biyar na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ƙosawa ba. Wanda ya tsira yana iya makancewa, ko ya shanye, ko karatu ya gagare shi har abada. Manya ma ba su kuɓuta ba. Dalma tana kawo musu murɗar ciki, da hawan jini, da ciwon ƙoda, tana kuma sa mace ɓari. Sai dai tana cin babba a hankali, shi ya sa mai niƙa yakan ce lafiyarsa lau.

Akwai magani mai kama dalma cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma in an warkar da yaro aka mayar da shi gidan da ƙurar take, an yi aikin banza. Saboda haka dole a share gida kafin a fara magani. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ya koya wa mutanen wurin aikin, aka share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira don rashin kuɗi, sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin bayan an daɗe ana kuka. Wannan aiki muka tarar ana yi. A fitar da kayan ɗaki waje, a kankare ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur kamar kaurin yatsa uku, a ɗura a buhuna, a kai wani babban rami a binne. A kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa.

A inuwar wani zaure muka gaisa da wani dattijo. Muka ce, "Baba, yaya ba a bar aikin nan ba bayan abin da ya faru?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, gona wata huɗu take ciyar da mu. Sauran watannin fa?" Ba mu sami abin ce masa ba. Masu aikin lafiya ma sun gane haka, shi ya sa suka fi ba da ƙarfi ga gyara yadda ake aikin: a fitar da shi bayan gari, a jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa don ƙura ta kwanta, ma'aikaci ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya koma gida.

Abin bai tsaya a Zamfara ba. Cikin 2015 irinsa ya auku a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta yi wa dubban yara magani a Zamfara kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha cikin 2022. A shekarun da suka biyo bayan tafiyarmu 'yan bindiga suka addabi ƙasar Anka, mutane da yawa suka bar ƙauyukansu.

To, 'yan'uwa masu karatu, wataƙila wani ya ce ai mu ba ma haƙar zinariya. Amma a cikin ikilisiyoyinmu akwai masu fasa tsofaffin batura, da masu fentin mota, da masu fasa dutse, da masu fesa maganin ƙwari a gona. Gubar wurin aiki tana bin mutum gida a riga da takalmi da gashin kai, yaro kuwa da gudu yake taryen babansa ya rungume shi. Maigida, ka bar kayan aiki a wurin aiki, ka wanke jiki da sabulu kafin ka ɗauki yaro ko ka sa hannu a tuwo. Uwargida, kada ki haɗa kayan aikinsa da na yara wurin wanki, kada kuma ki zuba ruwan sha a galan da aka taɓa sa maganin ƙwari. Ki bar sa wa jariri kwallin dutse, gama an auna irinsa an sami dalma mai yawa a ciki. In yaro yana ciwon da ya ƙi jin magani, ku gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidan, ko bai tambaya ba. Tambayar nan ce ta tona asirin cutar Zamfara.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 Ubangiji ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wannan umarni ya shafi mai injin da mai gareji da mai gona waɗanda suke ɗaukar ma'aikata. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su zauna su duba sana'o'in da ke unguwarsu, su ga inda ake bukatar katanga. Mu kuma riƙa tunawa da mutanen ƙasar Anka cikin addu'a, musamman yaran da suka tsira da rai amma dalma ta taɓa ƙwaƙwalwarsu. Ubangiji ya ba su lafiya, ya kawo salama a ƙasarsu. Amin.