Kogon Naica: Inda Dutse Ya Tsiro Kamar Itatuwa

A arewacin ƙasar Meziko, cikin jihar Chihuahua, akwai wani ɗan gari a bakin hamada ana ce da shi Naica. Babu abin da ya tara mutane a wurin sai mahaƙar darma da azurfa da ke ƙarƙashin tsauninsa. A cikin 2000 masu haƙa suna fasa hanya a zurfin wajen mita 300, sai suka ɓulla cikin wani kogo cike da ginshiƙan farin dutse mai ɗaukar ido, sun gitta juna kamar itatuwan da guguwa ta kayar. Waɗansu tsawonsu ya kai mita 11. Dutsen kuwa jifsam ne, watau irin wanda ake yin alli da filastar ɗori da shi.

Kogon ba ya karɓar baƙo. A lokacin da ake iya shigarsa, zafinsa ya haura digiri 45, iskar kuma ta ƙoshi da tururi har gumi ba ya bushewa a jiki. Wanda ya shiga haka nan, minti goma ya ishe shi. A wancan lokaci masana sukan sa riguna masu ɗauke da ƙanƙara, duk da haka ba sa daɗewa. Don haka ainihin binciken a ɗakin gwaji aka yi shi, da 'yan gutsattsarin da aka fito da su.

To, a nan aikin haƙuri yake. Bisa al'ada, akan yanki dutse a manna shi a jikin gilashi, a yi ta goga har kaurinsa ya koma kashi uku cikin ɗari na milimita, yadda haske zai ratsa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Amma jifsam shagwaɓaɓɓe ne. Farce ma yana karce shi, ruwa yana cinsa sannu a hankali, zafi kuwa yana korar ruwan da ke cikin halittarsa ya mai da shi gari. Tilas a guji ɗumama shi, a kuma sassauta hannu wajen guga. Sa'ar da aka yi ita ce yana ɓarewa falle-falle, kowane falle garai-garai.

A cikin fallayen nan akwai 'yan mitsi-mitsin aljihuna da suka kulle ɗigon ruwan da dutsen ya girma a cikinsa. Juan Manuel García-Ruiz, masani daga Sifen, da abokan aikinsa suka auna waɗannan ɗigo, suka bayyana a 2007 cewa ginshiƙan sun girma ne a ruwa mai zafin wajen digiri 54. Wannan ya yi ƙasa kaɗan da digiri 58, iyakar da in an sauko daga gare ta wani ma'adini mai suna anhaidarait ke narkewa ya ciyar da jifsam. A 2011 aka auna saurin girman, aka tarar manyan ginshiƙan sun ci kusan shekara miliyan ɗaya.

Injunan zuƙar ruwa na mahaƙar ne suka sa kogon ya bushe har aka gan shi. A 2015 ruwa ya rinjayi mahaƙar, kamfanin ya dakatar da aiki, hanyar shiga kogon ta rufe wa masu bincike. Gutsattsarin da aka fitar kafin wannan shekara su ne suka rage a hannunsu.