Kwaɗin Bishiya da Sabbin 'Yan'uwa a Zumunta



A wurinmu kwaɗo ba dabbar kiwo ba ce. Da damina muke jin kukansa a bakin kududdufi, rani na shigowa mu manta da shi. Amma a ƙasashe da yawa ana kiwon kwaɗin bishiya a cikin gida, kuma mu ma kaɗan daga cikinmu mun haɗa kai mun karɓi guda biyu daga hannun wani mai kiwonsu. Irin da ake kira kwaɗon White ne. Asalinsa Ostireliya da tsibirin Niyu Gini, an kuma raɗa masa sunan John White, likitan da ya bayyana shi a littafinsa a 1790. Kore ne, mai jiki, tsawonsa yakan kai santimita 10, yatsunsa suna da faifai masu manne wa reshe ko gilashi. In ya sami kulawa yakan wuce shekara 15 a raye. Wanda ya karɓe shi ya ɗauki alkawari mai tsawo ke nan.

Aikin farko shi ne shirya gida tun kafin su iso. Ana kiran gidan terariyom, wato ƙaramin lambu cikin akwatin gilashi. Da yake masu hawa ne, tsayi ya fi musu amfani a kan faɗi: namu santimita 60 ne a tsaye, 45 a faɗi, da murfin raga don iska ta shiga. A ƙasa mun zuba tsakuwa domin ruwa ya tsiyaye, muka shimfiɗa raga, sannan ɓawon kwakwa da aka niƙa, wanda ke riƙe danshi. Muka kafa rassa, muka dasa tsiro mai faɗin ganye inda za su ɓuya, muka ajiye tasa marar zurfi ta ruwa. Zafin ciki da rana ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 29, ya ɗan sauka da dare. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, sai mu riƙa yayyafa ruwa da yamma.

Batun ruwa ba wasa ba ne, domin kwaɗo ba ya sha da baki. Ta fatarsa yake tsotsar ruwa, musamman ta ciki. Duk abin da ya taɓa fatar nan yana iya shiga jikinsa: kulorin na ruwan famfo, sabulu, man shafawa, turare. Shi ya sa ake ba shi ruwan da aka cire wa kulorin, ake kuma canza shi kowace rana. Haka nan ba a haɗa ƙarami da babba, don babban yana iya haɗiye shi.

Aiki na biyu ya fi wuya, wato a ƙyale su. Sabon kwaɗo yakan lafe a lungu, launinsa ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci ya ƙi cin abinci na 'yan kwanaki. Kowa yana marmarin ya ɗauke shi, ya nuna wa abokai, ya haska shi da waya. Mun yarda a tsakaninmu cewa mako biyu na farko ba mai taɓa su. Mun rufe gefe uku na gilashin da takarda, muka ajiye akwatin inda babu hayaniya. Da magariba, lokacin da suke farkawa, mutum ɗaya ne ke zuba musu gyare da aka barbaɗa wa garin kalsiyam, ya duba ruwa, ya janye. Da sannu suka fara fitowa da dare suna zama a kan reshe a fili.

Muna cikin wannan hidima ne muka fara tambayar kanmu yadda muke karɓar sabbin mutane a zumuntar matasa. Hanyoyi biyu aka fi gani a ikkilisiyoyi. Wani baƙon a tafa masa ranar Lahadi, a ce ya tashi ya faɗi sunansa, daga nan ba mai sake neman sa. Wani kuma, musamman sabon tuba, a yi masa caa: a miƙa masa makirfo ya ba da shaida, a tura shi ƙungiyar mawaƙa, a sa hotonsa a Facebook. Alhali wataƙila iyayensa ba su ma sani ba tukuna. Ga wasu 'yan'uwa, hoto ɗaya ya isa a kore su daga gida, a yanke musu kuɗin makaranta, ko ransu ya shiga haɗari. Kamar fatar kwaɗon nan, zuciyar sabon mai bi tana tsotsar duk abin da ta tarar a wurinmu, ko ƙauna ce ko gulma.

Mu duba Shawulu a Ayyukan Manzanni sura 9. Bayan ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ya yi kwana uku ba gani, ba ci, ba sha. Mutum ɗaya Allah ya aika masa, Hananiya, wanda ya shiga ya kira shi ɗan'uwa. Gaskiya ne Shawulu ya fara wa'azi nan da nan, amma da aka ƙulla kashe shi, almajirai suka zurara shi ta garu cikin kwando da dare. A Urushalima masu bi suka ji tsoronsa, sai Barnaba ya kai shi wurin manzanni ya tsaya masa. Da haɗari ya sake tasowa, 'yan'uwa suka aika shi Tarsus. A sura 11 Barnaba ne kuma ya je can ya nemo shi, ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda suna koyarwa tare. Ikkilisiya ta fari ta ɗauki ran sabon ɗan'uwa da muhimmanci fiye da jin daɗin nuna shi.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma wanda Kristi ya kawo cikinmu ya zo zama ne. Saboda haka mu shirya tun yanzu. A sami ɗan'uwa ko 'yar'uwa guda mai riƙon asiri da zai kula da kowane sabon zuwa, ya kira shi cikin mako, ya san ko ya ci abinci, ko yana da wurin kwana da Littafi Mai Tsarki. Kada a ɗauki hotonsa sai da izininsa. Kada a matsa masa ya ba da shaida. In ya zauna a bencin baya wata uku bai ce uffan ba, mu gaishe shi da sunansa, mu bar shi ya saba.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciyar Hananiya da haƙurin Barnaba. Ka tsare sabbin 'yan'uwanmu, ka tsarkake bakinmu da hannuwanmu domin kada mu zama sanadin tuntuɓensu. Cikin sunan Yesu. Amin.