Daga Agadas Zuwa Damagaram: Ƙarshen Hanya

Tafiyar Agadas zuwa Damagaram ta kai kilomita 450, kuma wanda ya yi ta da yara a mota ya san ba tsawonta ne kaɗai ke gajiyar da mutum ba. Mun je biki can cikin hutun ƙarshen Disamba, ni da mai ɗakina da yara uku, cikin motar wani amini da ya ara mana har da direbansa. Yau kwana biyu da dawowarmu, ƙura ba ta gama fita daga kayanmu ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne ɓangaren ƙarshe na hanyar, daga Aderbisinat zuwa gida. A aji muna zana layi bisa allo, mu ce arewa da shi ƙasar kiwo ce, kudu da shi ƙasar noma. Yara su kwafe, su hardace, su rubuta ranar jarrabawa. A hanya kuwa babu layi. Ciyawa ce ke ƙaruwa sannu a hankali, itatuwan ƙaya su fara kusantar juna, raƙuma su ragu, shanu su yawaita. Can sai ka hangi karan hatsi na farko, tsilla-tsilla, kamar mai gonar bai yarda da kansa ba. Ruwan saman da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, na Damagaram kuwa yana kai wajen 400. Wannan bambancin duka muka tako da mota a yini guda.

Ɗana na tsakiya, ɗan aji biyar, shi ya fara ganin gonar. Ya ce: "Baba, wa ya ce daga nan a fara noma?" Na gaya masa akwai dokar 1961 da ta tsaida iyakar gonaki daga arewa, don a bar wa makiyaya sauran. Na ƙara masa da cewa gonaki sun daɗe da haura iyakar nan, saboda jama'a ta ƙaru, ƙasar kudu ta gaji. Ban faɗa masa cewa daga nan ne rigimar manomi da makiyayi ke tasowa ba, amma a ajina akwai ɗiyan ɓangarorin biyu, benci ɗaya suke zama.

Kafin Tanut mun tsaya kusa da wata rijiya don injin ya huce. Wani yaro, tsaran babbar ɗiyata, yana kora raƙumi da igiyar guga. Nisan da raƙumin ya yi kafin gugar ta fito shi ne zurfin rijiyar. Ɗiyata ta ƙirga taku, ta ɓace a lissafi, ta sake. Yaron ya yi mata dariya, ya gaida mu da Hausa, ya juya ya tsawata wa ƙanensa da Buzanci. Bai taɓa shiga lakwal ba. Mu kan ce iyaye ne ba su so, kuma wani lokacin haka ne. Sai dai lakwal tana zaune wuri ɗaya daga Oktoba zuwa Yuni, ita kuwa dabba ruwa da ciyawa take bi. In babu makaranta mai ciyarwa da wurin kwana, a hannun wa uba zai bar ɗansa?

Daga Tanut hanya ta zama ta gida. Rumbuna a bakin ƙauyuka, gawo ya yi kore shar cikin gonaki tsakiyar hunturu, shi da ke kaɗe ganye da damina. Wajen kilomita 50 kafin gari muka wuce matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, auta ya ɗauka birni ne.

Yara sun yi shiru, faɗan wurin zama ya ƙare, cukun da muka sayo ya ƙare. Mai ɗakina ta ce: "Malam, kada ka ba su aikin rubutu a kan tafiyar nan, ka bar su su huta." Na yarda. Amma ranar da muka koma aji zan fita da ɗalibaina fili da igiya da guga, mu auna zurfin rijiyar unguwa da taku.